GUGA DA IGIYA

Amsa ga masu cewa "mu shiga mu gyara daga ciki"

'Yan'uwa na kwamitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Tasawa, Ƙonni, Madawa, Magarya da Yamai,

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakaninmu. Ba ta mutuwa, barci kawai ta ke yi. Duk ran da masu mulki sunka buɗe ƙofa sunka ce ga kujerar minista, ga ta majalisa, ga ta magajin gari, sai ta farka. Waɗansu su ce: "Mu shiga mana. In mun ƙi, mugu ne zai zauna." Waɗansu kuwa su ce: "Kul! Wanda ya shiga ya tafi ke nan, sai dai a ga ƙurar motarsa." Kafin a tashi daga taro an kira wani maci-amana, an kira wani rago mai tsoron aiki, kowa ya koma gida da fushi.

Dukansu biyu halin mutum su ke dubawa: wane mai gaskiya ne, wane mai kwaɗayi ne. Mu kuwa muna cewa a bar maganar hali tukuna, a dubi igiya. Gwamnatin da wani ya gina domin kansa rijiya ce. Wanda mu ke aikawa ciki guga ne. Jam'iyya da sandika da kwamitin kasuwa su ne igiya da hannun da ke riƙe da ita. Guga yana iya ɗebo ruwa, ba shakka. Amma gugan da igiyarsa ta tsinke ya zama na rijiya, ko da fatar wace irin saniya anka ɗinka shi. Ga shaida daga tarihinmu.

WANDA ANKA HAƊIYE

Mu fara da abin da 'yan "a shiga" ke da gaskiya a kansa, don kada a ce mun ɓoye. A watan Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da ta mallaka. Dokar tana ɗauke da sunan wani baƙar fata, Hufuwet Buwanyi na Kwaddebuwa, wanda ya kai ta gaban majalisa. Tsofaffinmu da anka kora da bulala su yi hanya ko su ɗauki kayan kumandan a ka sun san darajar wannan doka. Daga ciki anka samo ta. To amma a dubi hannun da ke riƙe da igiya a lokacin. Hufuwet ya je Faris ne da ƙungiyar manoma a bayansa, wadda ya shugabanta tun 1944. Faransa ta fito daga yaƙi a raunane, jinin sojojin Afirka bai bushe ba, 'yan kwaminis kuma suna cikin gwamnatinta. A watan Oktoba na shekarar nan anka kafa RDA a Bamako, wakilanta a Faris sunka jingina da 'yan kwaminis.

Sa'an nan iska ta juya. A 1947 anka fitar da 'yan kwaminis daga gwamnatin Faransa. Gwamnoni sunka faɗa wa RDA da kamu da ɗauri, har anka harbe mutane a Dimbokoro a watan Janairu 1950. Da sanda ta yi aikinta, sai anka miƙo zuma. Ministan ƙasashen mallaka na lokacin, Faransuwa Mitaran, ya zauna da Hufuwet, a watan Oktoba 1950 shugabannin RDA sunka raba gari da 'yan kwaminis. Sunka ce dabara ce, a sunkuya iska ta wuce. A 1956 Hufuwet ya zama minista a cikin gwamnatin Faransa kanta. A 1958, ran da anka tambayi Afirka ko tana son 'yanci, shi ne kan gaba wajen cewa a zauna da Faransa. Ya yi mulki har ya mutu a 1993, a lokacin barikin sojan Faransa na nan a bakin Abijan. Dabarar sunkuyawa ta ɗauki shekara 43, ba a miƙe ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

WANDA ANKA TOFAR

Yanzu mu dawo gida. Jibo Bakari yana cikin waɗanda sunka ƙi sunkuyawar 1950. Ya rabu da PPN-RDA ta Diori Hamani, ya koma cikin leburori yana kafa sandika, a 1954 ya kafa UDN, wadda talakawa sunka sani da sunan Sawaba. Ƙarfinta yana tasha da kasuwa: direbobi, 'yan kamasho, teloli, mahauta, 'yan koli, ƙananan ma'aikata. Wannan igiya ce ta gaske, da hannu anka tufka ta.

A watan Yuni 1956 Faransa ta yi dokar Defer, wadda ta ba kowace ƙasar mallaka ƙaramar gwamnati ta 'yan ƙasa. Ƙofa ta buɗe. Don a ci zaɓe, Sawaba ta haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna ke bayanta. Jibo ya zama magajin garin Yamai a ƙarshen 1956. A zaɓen 31 ga Maris 1957 ɓangarensa ya sami kujera 41 cikin 60, PPN ta sami 19. Raƙumi ya ka da giwa. A watan Mayu Jibo ya kafa gwamnati.

To me anka ba shi, me anka riƙe? Anka ba shi biro da ministoci da motoci. Shugaban majalisar ministocin kuwa, bisa doka, gwamna Bafaranshe ne, Jibo mataimaki. Soja da zandarma da duwan da buga kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje duk suna hannun Faris. Kumandan da ke Tasawa ko Tawa, wanda shi ne talaka ke gani da idonsa, daga wurin gwamna ya ke karɓar umarni. Watau an ba mutum rawani, an riƙe doki da takobi.

Muddin gwamnatin Sawaba tana taɓa ƙananan abubuwa, an ƙyale ta. Da ta fara tuɓe waɗansu sarakuna, sai abokan tafiya sunka fara gunaguni. Da Janar Digol ya sa ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a jefa "a'a", a karɓi 'yanci nan take, ran nan ne anka ga mai rijiya. Faransa tana yaƙi a Aljeriya, iyaka ɗaya da mu, an kuma ga alamun yuraniyom a yankin Agadas tun 1957. Ba ta da niyyar saki. Ta aiko sabon gwamna, Kolombani. Anka ƙaro sojoji. Kumandodi sunka zagaya ƙauyuka, sarakuna sunka juya, manyan BNA irin su Isufu Saidu Jarmakoi sunka koma wajen "i". Sakamakon da anka bayar: kashi 78 cikin 100 "i", waɗanda sunka fito jefa ƙuri'a kuwa ba su kai 4 cikin 10 ba. Gine ta Seku Ture, inda jam'iyya ta riga ta kai kowane ƙauye ta kuma soke sarautar kanto tun 1957, ta ce "a'a" ta wuce.

A watan Oktoba Jibo ya sauka. Anka rushe majalisa, anka sake zaɓe a Disamba, Diori ya hau. A watan Oktoba 1959 anka haramta Sawaba. Daga kujera 41 zuwa haramci, shekara biyu da rabi.

Ba wanda ya sayi Jibo Bakari, wannan kam a rubuta. Amma kujerun nan 41 ba duka ne nasa ba, da yawa na aro ne daga hannun sarakuna, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Igiyar Sawaba ta yi ƙarfi a gari, a karkara ta yi siriri, can kuwa mafi yawan ƙuri'a ta ke. Ga hanya biyu da rijiya ke bi da guga: wanda ya yarda ta haɗiye shi, wanda ya ƙi ta tofar da shi.

ABIN DA YA SAMI MAƘWABTA

Kada wani ya ce wannan aikin Nasara ne, ya wuce da mulkin mallaka. A tsallaka iyaka a duba. 'Yan'uwanmu na NEPU, da anka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da alƙalan sarki. Magajiyarta PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979. Abubakar Rimi da Balarabe Musa sunka soke haraji da jangali, abin da talaka ya yi shekaru yana kuka a kai. Ga ruwa guga ya ɗebo, mai sanyi kuwa.

Amma majalisar Kaduna tana hannun NPN. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, a watan Yuni 1981 ta tsige shi. A watan Yuli na shekarar, bayan gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano takardar tuhuma, anka ƙone ofisoshin gwamnati, anka kashe mai ba gwamna shawara, Dokta Bala Muhammad. Abin da ya fi ciwo, jam'iyyar da kanta ta tsage biyu, Santsi da Taɓo, a kan wa ke da iko da wa: shugabannin jam'iyya ko gwamnonin da ta tsayar. Guga da igiya sunka kama faɗa a bakin rijiya, abokan gaba na kallo.

YADDA A KE HAƊIYAR MUTUM

'Yan'uwa da yawa suna zaton haɗiya ita ce a kira mutum da dare a ba shi jakar kuɗi. Wannan yana faruwa, amma shi ne mafi ƙaranci. Haɗiyar gaske a hankali ta ke zuwa, kamar yadda rairayi ke cin gona, mai gona bai ga ranar da ta tafi ba.

Ana fara wa da albashi. Mutumin da jiya ya ke cin tuwo da ku a tasha, yau albashinsa na wata ya fi abin da manomin gyaɗa ke samu a shekaru. Ya shiga gidan gwamnati a Filato, ga mota, ga direba, ga mai gadi. Dangi sunka cika zaure, kowa da bukatarsa, 'ya'ya sunka shiga lakwal mai tsada. Bayan shekara ɗaya, in an ce ya ajiye kujera, bakuna talatin ne za su kwana da yunwa. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Sai abokan zama. Daga safe har dare da wa ya ke? Da daraktoci, da jakadu, da mutanen banki, da masu ba da bashi. Kowa yana yi masa bayani cikin ladabi da Faransanci mai daɗi cewa abin da ya ke so yana da kyau, sai dai ba bana ba, baitulmali ba kome, masu bashi ba za su yarda ba. Ku kuwa yana ganinku sau ɗaya a shekara, kuna tsaye cikin rana yana kan dakali. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wata rana za ku ji shi da bakinsa yana cewa "ba ku gane ba, abin yana da wuya", ku tuna inda kunka taɓa jin wannan magana: a bakin wanda ya gada.

Sai asiri. An rantsar da shi kada ya faɗi abin da anka tattauna a majalisar ministoci. Tun daga ran nan yana da sirri da abokan gabanmu wanda ba shi da shi da mu.

Na ƙarshe shi ne mafi muni, don jam'iyya ya ke ci, ba mutum ɗaya ba. Ran da anka kafa gwamnati, sakataren da ya fi kowa iya tara jama'a a Madawa ya zama darakta a Yamai. Shugaban sandika ya zama mashawarci. Kwamiti ya daina karɓar kuɗin kati, tun da minista yana aiko da kuɗin taro. Daga nan wa zai tsawata wa wa? Igiya ta bi guga cikin rijiya, ba wanda ya rage a sama.

Mun ga wannan da idonmu. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 anka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Ɗalibai da sandikar ma'aikata sunka tsaya da yajin aiki har Janar Ali Saibu ya yarda da jam'iyyu da yawa, anka yi Babban Taron Ƙasa a 1991. A lura: wannan canji daga titi ya zo, ba daga biro ba. Anka yi zaɓe a 1993, 'yan canji sunka hau. A watan Janairu 1994, a wani taro a Dakar, anka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da a ke saye sefa 50 ya koma sefa 100. Magani da taki da kayan mota sunka tashi, ba wanda ya tambayi mai ƙuri'a. PNDS, wadda tsofaffin 'yan gwagwarmayar makaranta da sandika na cikin waɗanda sunka kafa ta a 1990, ta riƙe mulki daga 2011 har 2023. A zamaninta ne ɗalibi ya mutu sa'ad da anka tarwatsa zanga-zanga a jami'ar Yamai a watan Afrilu 2017, a zamaninta ne anka ɗaure shugabannin ƙungiyoyin farar hula a 2018 don sun ƙi dokar kasafin kuɗi. Waɗanda sunka gudu daga hayaƙin barkonon tsohuwa jiya, su ne sunka ba da izinin harba shi.

Kada kuma a ce cutar baƙar fata ce. Mitaran ɗin nan da ya lallashi Hufuwet, shi ma ya ci zaɓen Faransa a 1981 da alkawarin juya ƙasa domin ma'aikata, har ya mai da manyan bankuna na gwamnati. Kafin ƙarshen Maris 1983 masu kuɗi sun tanƙwara shi, ya koma tsuke bakin aljihu. Wanzami ma an yi masa aski.

GA MASU CEWA KADA A SHIGA SAM

To ku 'yan "kul", kada ku yi murna, maganar ta zo kanku. Wanda ya ƙi jefa guga don tsoron kada ya faɗa, da me zai shayar da gida? Soke aikin tilas da soke jangali da alƙalami anka yi su, hannun da ke riƙe da alƙalamin kuwa a kan kujera ya ke. Talakan da dogari ke tsaye a ƙofarsa ba zai ci tsarkin hannunku ba.

In kuwa nufinku a bar ƙuri'a a ɗauki bindiga, wannan ma an gwada. A watan Oktoba 1964 'yan Sawaba da sunka sami horo a waje sunka shigo ta iyakoki da makamai, suna zaton ƙasa za ta tashi tare da su. Ba ta tashi ba. Shekara biyar ta haramci ta riga ta cinye kwamitoci. Anka farauce su, anka harbe waɗansu a bainar jama'a, ɗaruruwa sunka ruɓe a kurkuku. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba, igiya ce babu. Ashe cutar ɗaya ce, ko a ciki ko a waje.

SHARUƊƊANMU

Saboda haka ga amsarmu. Ana iya ɗebo ruwa daga ciki. Amma guga ba ya yashe rijiya, ba ya kuma gina sabuwa, wannan aikin mutanen da ke sama ne. Duk ran da anka buɗe ƙofa, kowane kwamiti ya riƙe waɗannan, kada ya sa hannu a kan sunan kowa sai an cika su:

1. A fara tambaya: mabuɗan suna hannun wa? Wa ke ba soja umarni, wa ke riƙe da baitulmali, wa ke naɗa mai mulkin jiha da na gunduma? In duk suna hannun wani, a gaya wa jama'a gaskiya cewa rawani ne kawai, kada a yi musu alkawarin doki.

2. Ba mai shiga da sunan kansa. Kwamiti ke aikawa, da takarda a rubuce: ga abu kaza da kaza da za ka samo, ga wa'adi. Abu biyu ko uku da talaka zai gani a kasuwa sun fi alkawari ɗari.

3. A rubuta ranar fita kafin ranar shiga. A faɗi abubuwan da in an yi su wakilinmu zai tashi: harbin masu zanga-zanga, ɗaure 'yan sandika, ƙara wa talaka lanho. Takardar murabus tana hannun kwamiti tun ran farko.

4. Wakilinmu ya ɗauki albashi daidai da na malamin lakwal, sauran ya shiga asusun jam'iyya a gaban shaidu. Wanda bai saba da mota ba, saukowa ba ta yi masa wuya.

5. Sakataren jam'iyya da shugaban sandika ba su karɓar kujera. Sandika tana da ikon yi wa ministanmu yajin aiki kamar yadda za ta yi wa na wani.

6. Jam'iyya ta ci daga kuɗin kati. Dala biyar ta mai sayar da goro ta fi jaka ɗari ta minista, don mai dala biyar yana da bakin tambaya.

7. Kowane wata uku wakili ya dawo gaban kwamitin da ya aike shi, ran kasuwa, ya zauna a tabarma, ya yi bayani da harshen da tsohuwa mai fura za ta gane. Wanda ya ƙi zuwa sau biyu ya sallami kansa.

8. In an yi ƙawance da sarakuna ko attajirai, a ƙidaya kujerunsu dabam, namu dabam. Kada mu sake auna ƙarfinmu da mudun wani.

Za a ce sharuɗɗan sun yi tsanani, ba mai ilimin da zai yarda da su. To madalla, mun san shi tun bai shiga ba, mun huta. Wanda ya ji haushin igiya tun yana bakin rijiya, me zai yi in ya kai ƙasa? Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Mun ga gugan da ya hana, mun ga wanda anka tsinke, mun biya kuɗin karatun nan da tsada.

Aikin da ke gabanmu yau shi ne tufka. Kowane kwamiti ya ƙidaya ƙauyukan da ke cin kasuwarsa, ya faɗi nawa ne mu ke da mutum a ciki, nawa ne babu. Inda babu, a aika. A sabunta kati, a rubuta kuɗin shiga da na fita, a karanta su a gaban kowa. A karanta wannan takarda a taro da babbar murya saboda waɗanda ba su yi lakwal ba, a yi gardama a kanta, a aiko mana da abin da anka yanke. Wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, kada ta kwana a aljihu.

Ƙasa ta talakawa ce. Allah ya ba mu sawaba.